Shekara Talatin da Huɗu Ina Sayen Kabewa Ba 'Ya'ya

Ranar Alhamis ta biyu a watan Mayun bana, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina gardama da rediyo, sai ga Ada direba a kan mashin. Bai ko kashe inji ba. Ya ce mahaifinsa, Nomau mai kabewa, ya cika da asuba, za a yi sallar jana'iza kafin rana ta yi zafi. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yadda ya wajaba. Amma tun da rubutun nan na tunawa ne, kuma ba ya kyautuwa a yi ƙarya a kan mamaci, bari in faɗi abin da zuciyata ta ce bayan nan. Cewa ta yi: ashe mutumin nan zai tafi bai ba ni irin ba. Shekara talatin da huɗu ina riƙe da shi a kan wannan magana, shi ma yana riƙe da ni, kuma duk wanda ya taɓa sayen kayan miya a kasuwar Madarumfa ya san da zancen.

Ga waɗanda ba su san asalinsa ba, ga shi.

Na yi lakwal, makarantar boko ke nan, har inda ɗan talaka ke iya kaiwa a zamaninmu. Na yi karatun aikin gona shekara uku, na fito da difilom mai hatimi biyu da wani littafin Faransanci mai kauri, wanda aka zana kowane ganye na duniya a cikinsa ban da waɗanda muke ci. Aka turo ni Madarumfa malamin gona a ƙarƙashin wani proje, shirin bunƙasa noma, da ba sai na ambaci sunansa ba, domin ya riga Nomau rasuwa da daɗewa, kuma ba wanda ya yi masa zaman makoki. Aikina shi ne in raba wa masu garka, wato lambu, na bakin tafki sabon iri na cikin fakiti, in kuma raba su da tsohon da ke hannunsu. A na biyun na fi ƙwarewa.

Da kakar shekarata ta farko na tara manoma a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da ruwa. Ina sanye da farar riga mai aljihu huɗu, kowane aljihu da alƙalami. Kafin in fara magana, wani dogon mutum mai faffaɗan hannu ya taso ya ajiye kabewa a gabana. Ban taɓa ganin abu mai muni irinta ba. Wuyanta dogo ne karkatacce, fatarta toka-toka ce mai ƙuraje kamar bayan kwaɗo. Su kansu mutanen garin Mummuna suke kiranta. Abin da ban sani ba a lokacin, domin ba ya cikin littafina, shi ne wannan ita ce 'yar farin garkarsa ta shekarar, kuma a gidansu 'yar fari ba a sayar da ita, baƙo ake ba. Girmama ni ya yi. Ni kuwa na ɗaga ta sama da hannu biyu na ce jama'a su dubi abin da ya hana ƙasar nan ci gaba. Na ce tana cin fili, tana cin wata biyar, ta haifi 'ya'ya uku kamar matar attajiri. Na ce wannan iri jahilci ne, a zubar.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai takarda, ka taɓa cin ta?"

Na ce, "Ba sai na ci ba. An rubuta."

"An rubuta daɗinta?"

"An rubuta yawan abin da fili ke bayarwa."

Ya miƙo hannu. "To ba ni abata. Ran da ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ce Mummuna ta fi takardarka, iri naka ne, kyauta. Kafin nan ko ƙwaya guda ba ka gani."

Na yi dariya, manoma suka taya ni, domin ni ne mai rabon fakiti. Wannan shi ne Nomau, kuma daga ranar har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa kirana da sunana na Lawali ba. Mai Takarda nake. Jikokinsa sun girma suna zaton sunan yanka ne.

Nomau ɗan wani ƙauye ne na wajen garin Sarkin Yamma. Mahaifinsa a kan addinin gargajiya ya rayu ya mutu. Shi ya musulunta tun yana saurayi, kuma na shaida ba a cika rasa shi a sahun farko ba. Amma abu biyu ya taho da su daga gidan uban bai sake su ba: gorar irin Mummuna, da dokar cewa ba a cin abu kafin lokacinsa. Ya kan ce wannan doka bai ga inda ta saɓa wa sallarsa ba. Wani malami ya taɓa cewa ragowar arnanci ce. Nomau ya kai masa yankan kabewa gida, malamin bai sake ta da zancen ba, sai ma ya aiko a tambaya ko da saura.

Ni sai bayan shekara biyu na ɗanɗana ta, kuma ba da sanina ba. Matata Dije ta yi wake da kabewa wata ranar kasuwa. Cikin kabewar ja ne kamar gwaiduwar ƙwan zabo, ba ruwa-ruwa, ba zare, ga wani gardi mai kama da na gujiya da ke zama a baki har la'asar. Na ci, na ƙara, na sake ƙarawa. Na tambayi Dije ko sabon irin proje ne.

Ta ce, "A'a. Jahilcin nan ne da ka yi wa wa'azi gindin tsamiya."

Na sha ruwa na fita.

Bayan 'yan shekaru proje ya naɗe tabarmarsa. Motocinsa suka koma inda suka fito, aka bar mana buro, wato ofis, da kabad uku cike da rahoto. A lokacin ne manoma suka gano abin da ni na sani tun ina lakwal amma ban ga dalilin faɗa ba: irin fakiti ba ya maimaita kansa. Ka shuka 'ya'yansa a shekara ta biyu, ya ba ka wata ƙatuwar kabewa mai sheƙi wadda ɗanɗanonta bai fi na ruwan rijiya ba. Waɗanda suka bi maganata sun zubar da nasu tsohon iri. Mutum biyu ko uku sun koma wurin Nomau ya ba su, amma ba su jure ba, domin shu, wato kabeji, da salati sun fi saurin kawo kuɗi a Maradi. Cikin shekara goma Mummuna ta rage a garka ɗaya tak a duk faɗin bakin tafki. Ni na yi wannan aiki, kuma an ba ni takardar yabo a kansa. Tana nan rataye a ɗakina, gara ta ci rabinta.

Tun ranar tsamiya Nomau ya canza yadda yake sayar da kabewa. Bai ƙara sayar wa kowa guda sukutum ba, sai yanka. Kuma kowane yanka sai ya sa cokali ya kankare 'ya'yan tas, ya zuba a wani gwangwani mai murfi da yake ajiyewa tsakanin ƙafafunsa. In aka tambaye shi dalili, ya ce don kada su bi ta bayan gida su isa hannun Mai Takarda. Matan gari da suka saba soya 'ya'yan kabewa su daka a miya suka ɗora mini laifin. Akwai tsohuwar da ta daina amsa gaisuwata har ta rasu, Allah ya ji ƙanta.

Duk ranar kasuwa ta lokacin kabewa nakan je rumfarsa, kuma kusan magana ɗaya muke yi.

"Mai Takarda, an shigo? Mi za a ba ka?"

"Yanka biyu."

"Na jahilci ko na ilimi? Na ilimi na can wajen masu kamiyo, manyan motocin nan."

"Yanka mini, Nomau, rana na yi."

Sai ya yanka a hankali, ya kankare, ya ɗaga yankan sama ya duba shi a hasken rana ta kowane gefe kamar ɗan duwan, ma'aikacin kwastan da ke binciken kaya a kan iyakar Ɗan Issa. In ya ga ƙwaya ta maƙale, ya cire ta da farce ya nuna mini kafin ya jefa a gwangwani. Sannan ya ƙara mini wani ɗan yanki gyara. Bai taɓa mance gyaran ba, bai kuma taɓa mance kankare shi ba.

Kada a ɗauka kabewa kaɗai yake sayarwa. Rumfar Nomau ita ce kalandar garin nan. Da damina za ka tarar da tafasa da rama da kuɓewa ɗanya da yalo. Da kaka kabewa da wake da kankana. Ruwan tafki na ja da baya, sanyi na shigowa, sai tumati da salati da karoti da albasa mai lawashi. Da bazara mangwaro, amma sai ɗan yayyafin nan ya wanke shi. Zogala ce kawai ke nan kullum, ya ce ita ba ta da wurin zuwa. Abin da ba lokacinsa ba, ko kuka za ka yi ba ka samu. Na ji matar wani babban ma'aikaci ta tsaya cikin watan Agusta tana neman tumati ɗanye.

Ya ce, "Hajiya, tumati ya tafi hutu. Ga kauɗa, busasshensa, in kina so, ga yalo yanzu na tsinko."

Ta ce ai ga shi can a kwanduna, an kawo daga ƙetaren iyaka.

Ya ce, "Wancan ya kwana uku a mota yana shan hayaƙi. In kina son baƙo mai gajiya, ki kai shi gida."

Yana da maganganu irin wannan da ni kaina na haddace ba da son raina ba. Ya kan ce abin da ya riga lokacinsa zuwa kasuwa, ko sato shi aka yi ko magani aka ba shi. Ya kan ce shi ba ya sayar da abin da bai ci da safe ba. Da aka fara nunar da mangwaro da hodar 'yan walda, ya yi jawur a waje ciki kuwa tsami kamar tsamiya, sai ya ce an yi wa mangwaro abin da aka yi wa Mai Takarda: an ba shi launi kafin ya nuna. Wannan ya faɗa ina tsaye, da leda a hannu.

Saboda Dije ba ta sayen kayan miya sai wurinsa, gidana ya shekara talatin yana cin abinci bisa dokar wani tsohon manomi da bai taɓa shiga aji ba. Na yi ƙorafi, ba a saurare ni ba. Da na bar aiki, tansiyo ta kama ni, hawan jini ke nan, na je likita a Maradi. Likitan, wani yaro sa'an ɗana na uku, ya sa tabarau ya yi mini bayani da Faransanci cewa in riƙa cin ganye da kayan garka na kusa da gida, kowanne a lokacinsa. Ya rubuta mini a takarda. Na yi kuskuren faɗa wa Nomau.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu an rubuta, sai ka fara jin daɗinsa."

A lokacin ne son irin ya zama mini ciwo. Ina da ɗan fili bayan gida da rijiya, ba ni da aikin yi sai sauraron rediyo. Na so kafin in mutu in ga Mummuna ta yaɗu a filina, in yanka ta da hannuna, 'ya'yanta na ciki. Amma tsayawa tsakiyar kasuwa, ni mai difilom, gaban masu kifi da masu gishiri, in ce kabewa ta fi karatuna, wannan ne na kasa. Sai na nemi hanya.

Na fara da Dije. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin tsofaffi biyu da kabewa.

Sai na tuna da ƙaninta, Alhaji Mamman, ɗan canji a Ɗan Issa, mutumin da Nomau bai taɓa gani ba. Na koya masa abin da zai ce. Ya sa babbar riga ya je rumfar, ya ce shi baƙo ne daga can cikin Najeriya, ya ji labarin kabewar, yana son iri ya kai gonarsa. Nomau ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi tabarma, ya ce ya dawo kasuwa mai zuwa. Mako na zagayowa Alhaji Mamman ya kawo mini ƙullin 'ya'yan kabewa masu kyau, farare tas. Ban taɓa son surukina kamar ranar ba.

Na yi aikin yadda aka koya mana. Na auna tazara da igiya, na haƙa ramuka, na zuba taki, na kafa 'yar alama mai kwanan wata a kowane layi. Safe da yamma ina ban ruwa. Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru. Na buɗe littafina na duba babin cututtukan ƙasa. A mako na uku na je kasuwa sayen albasa.

"Mai Takarda, ya shuka?"

Na ce wace shuka?

Ya ce, "Ta baƙon nan na Najeriya mai kunnuwan Dije. In ka gan shi ka ce masa waɗancan na ci ne, na ɗan gasa su a kasko don kada su yi hunhuna. Da gishiri sun fi daɗi."

Kwana ashirin da ɗaya ina shayar da gasasshen iri, ni da na yi shekara uku ina karanta yadda iri ke tsira. Labarin ya kai har tashar mota. Ranar Juma'a wani ya tambaye ni a masallaci ko in an shuka soyayyen kifi a tafki yana haihuwa.

Sau ɗaya na kusa faɗin maganar. Shekara huɗu da suka wuce ne, da kaka. Na yi wanka, na sa rigar sallah, na je na tsaya a fili tsakanin rumfarsa da ta masu tattasai. Na ce, "Jama'a, ku saurara." Kasuwa ta yi tsit ta wannan gefen. Nomau ya ajiye wuƙa. Na buɗe baki, na ga fuskokin 'ya'yan mutanen da suka taya ni dariya a gindin tsamiya, sai na ji kaina ina yi musu bayanin yadda ake maganin tsutsar shu da ruwan ganyen dogon yaro. Na yi minti goma ina bayani. Wasu har suka yi godiya. Da na gama, Nomau ya ɗauki cokalinsa.

Ya ce, "Rigar ta yi kyau. Yanka nawa?"

Zai zama zalunci in tsaya a nan. A shekarun da albashi ya riƙa ɓacewa wata da watanni, lokacin da mu ma'aikata muka koyi shiga kasuwa ta bayan rumfuna, Nomau ya kan turo matarsa Tasalla gidana duk ranar kasuwa da ƙwarya a rufe. Abin da lokaci ya kawo shi ke ciki: rama, yalo, ɗan dankali, kabewa in kakarta ce. Tasalla ta kan ce ta zo gaishe da Dije ne kawai. Bai taɓa ambata wannan ba, ko a gabana ko a bayana, shi da ba ya iya riƙe labarin gasasshen iri na yini ɗaya. Da ɗiyata ta fari ta haihu da wahala, shi ya yi ta aiko da zogala har ta yi arba'in. Sai dai in ƙara da cewa ko a cikin waccan ƙwarya ta taimako, kabewar a kankare take zuwa. Mutum ne mai tausayi, amma bai taɓa barin tausayi ya shiga sha'anin iri ba.

Ranar Litinin ta makon da ya rasu, Ada ya zo ya ce Baba ba ya jin daɗi, ya ce in zo da kaina. Na tambaye shi ko akwai mutane a gidan. Ya ce ana ta shigowa dubiya. Sai na ce a raina, wato tun da ba zai iya zuwa kasuwa ba, ya tara kasuwar a ɗakinsa. Na ce a gaya masa ina tafe ranar Juma'a bayan masallaci. Na zaɓi Juma'a ne don kada ya ce da ya kira na sheƙo. Ya rasu ranar Alhamis.

Na yi masa salla, na raka shi makwancinsa, na zauna zaman makoki kwana uku kamar kowa. Ranar sadakar uku 'yan uwansa mata suka zo daga ƙauyensu suka karɓi girki, domin Tasalla na ɗaka tana takaba. Bayan addu'a aka fito da tuwon gero da miyar yakuwa mai kauri. Ni ba mai yabon abincin makoki ba ne, amma miyar nan ta tsaya mini a baki. Akwai wani gardi a cikinta da na san na sani. Na share kwanona, na ce da Ada ko da saura. Ya ƙaro mini. Na ce da na kusa da ni, matan ƙauye har yanzu su ne suka iya miya.

Ina wanke hannu aka ce Tasalla, uwar Ada, na kirana. Na tsaya bakin ƙofa, ita tana bayan labule. Na yi mata gaisuwa, ta amsa.

Ta ce, "Malam Lawali, ya bar maka saƙo. Ran Lahadi ya sa aka sauko masa da gorar iri. Yana kwance ya zazzage ta duka, ya sheƙe tokar da hannunsa, ya goge su, ya zuba a sabuwar ƙwarya."

Na ce me ya sa ya cire tokar? Kowa ya san toka ce ke hana ƙwari cin iri.

"Ya ce kai mutumin buro ne, in ka ga toka za ka ce ƙazanta ce. Ya ce yara ba mai son noma, Ada mota ta ɗauke shi. Ya ce duk garin nan mutum ɗaya ya rage da ya damu da Mummuna."

Na ce, "Da sharaɗin nan nasa?"

"Ya ce ba sai ka faɗi komi ba. Ya ce wanda ya shekara talatin yana tsayuwa cikin rana don yanka biyu ya riga ya faɗa, shi ne dai yake jin daɗin kallonka. Ƙwaryar na bisa randa a ɗakin girki, da faifai a kai."

Ada ya shiga ya fito ya ce bai gan ta ba. Aka duba bayan randa, aka duba ƙarƙashin gado. Sai wata dattijuwa, yayar Nomau, ta taso daga bakin murhu tana goge hannu a zani. Ta ce wace ƙwarya, sabuwar nan? Ga ta can an kife, an wanke.

Ada ya ce, "Gwaggo, ina abin da ke ciki?"

Ta ce, "Ɗiyan kabewa? Mun soya mun daka. Su ne a miya."

Ya ce, "Gwaggo, iri ne."

Ta dube shi kamar ya zage ta. "Ni za ka koya wa iri? Tun ba a haifi ubanka ba nake ganin gorar nan. Iri cikin toka yake zama. Abin da aka wanke aka sa a ƙwarya a ɗakin girki, na miya ne." Sannan ta juyo wajena. "Ba kai ne ka aiko a ƙara maka ba? Ai ka ji daɗinta."

Na ce na ji.

Ba ta yi kuskure ba bisa abin da ta sani. Nomau ma bai yi ba. Litinin zuwa Juma'a kwana huɗu ne, kuma tsakanin gidana da nasa ba a shan ruwa a hanya.

Bayan ruwan farko na je garkarsa sau uku ina duba ko wata ƙwaya ta faɗi bara ta tsira da kanta. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana cire ƙwaya da farce ba ya barin ƙwaya a ƙasa. Na sa Ada ya tambaya a ƙauyensu, aka ce tun zamanin proje suka zubar da nasu, wani malamin gona ne ya ce jahilci ne. Ranar kasuwar da ta wuce na je na tsaya a filin nan na gaban rumfarsa, wadda yanzu wani mai sayar da tufafin gwanjo ya kama. Na ce da ƙarfi, Mummuna ta fi takardata. Mai tattasai ta ce in matsa, na tare mata masu ciniki.

Allah ya ji ƙan Nomau, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa abin da ya ciyar da mutane a ɓoye ya tarar da shi a bayyane. Allah ya yafe masa gasasshen irin nan, ni na yafe. Allah ya ba Tasalla haƙuri da lafiyar fita takaba, ya tsare Ada a kan hanya, ya albarkaci 'ya'ya da jikokin da ya bari, ya kuma sa kada yayarsa ta ɗauki abin a ranta. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani, ya hana mu jinkirta amsa kiran mara lafiya.

Da kakar bana ba za a ga Mummuna a kasuwar Madarumfa ba, haka baɗi. Irinta ya ƙare. Na ƙarshensa nawa ne, kuma na ci shi da tuwon gero, kwano biyu.